Mai Gashi da Mai Sulɓi

A bayan gonar kakana Arvid,
inda layin dogo ke ratsa Wiskonsin ya wuce,
sumak iri biyu ne suka raba gangare,
kowanne da nasa gefen shinge.

Daga nesa sai ka rantse tagwaye ne:
ganye reras, bakinsa kamar zarto,
curin 'ya'ya ja wur a tsaye bisa reshe.
In kaka ta shigo, duk su kama da wuta
ba hayaƙi.

"Ido maƙaryaci ne," in ji tsoho,
shi da yana ta cinye wa rabin gani.
"Miƙo hannunki."

Namu dogo ne, ya fi rufin rumbu,
reshensa lulluɓe da gashi mai laushi
irin na sabon ƙahon barewa.
Na shafa, na ji kamar zai numfasa.
Na tsallake, na Wilma Kresge, gajere ne,
sumul, ba ko sili,
sai wani farin toka-toka a fatarsa
da yatsa ke gogewa ya bar sawu.

Shekara talatin suna musu a kan shingen nan.
Ita ta ce nata ya fi tsabta a tulu,
ba sai an tace sau biyu da ƙyalle ba.
Shi ya ce ai tsamin a gashin yake,
a dai tsinka kafin ruwan sama ya wanke.
Duk watan Agusta ta aiko da kwalba,
ya kurɓa, ya yamutsa fuska,
ya shanye tas,
ya mayar mata cike da nasa.

Tsuntsaye kuwa ba ruwansu.
In ƙanƙara ta rufe komai, yunwa ta matsa,
nan su ci, can su ci.

Wilma ta riga shi da hunturu biyu.
Bara ma muka kai shi.

Yau na je gyaran waya,
na tarar da wani tsiro a gindin turke,
bai kai ƙuguna ba.
Na rufe ido yadda ya koya mini, na kama.
Gashi dai akwai,
amma tsilla-tsilla, kamar gemun saurayi,
a ƙarƙashinsa sulɓi.
Na daɗe a tsugune.
Jirgin yamma ya zo ya wuce
ban san na wa zan ce ba.