Bayan Tashin Duniya

Jikana Hambali ya ce duniya ta tashi.
Na leƙa waje: akuyar Lantana na cin dusa,
ladan ko la'asar bai kira ba.
Ya ce, "Ba nan ba, tsoho. A cikin waya."

Na jawo buzuna kusa da shi.
Gilashin a tsage, cajin na naira ɗari
daga rumfar mai sola a bakin tasha.
Ciki gari ne fayau, ba kowa,
gidan mai ba mai, asibiti ba likita,
matattu sun ƙi kwanciya,
suna bin mutum lungu-lungu kamar masu bin bashi.
Shi kuwa a ƙasa yake, jarka a hannu,
mota yake nema.

Ya samu wata ƙarƙashin gada,
taya uku, ba batir, tsatsa ta ci ƙofa.
Na ce, "Fara duba lagireto."
Ya yi dariya har da buga ƙafa.
Babban yatsa ya ɗora, wani layi ya cika da kore,
inji ya yi tari, ya tashi.

Shi ke nan?
Ni da na yi shekara talatin da ɗaya a garejin Gujungu,
ni da na kwana uku ƙarƙashin tifa a hanyar Gumel
saboda fistin guda,
baƙin mai ya shige min farce har yau bai fita ba,
ga yaro ya tayar da gawa
hannunsa fes, kamar zai ci tuwo.

Bai tsaya ba. Ya fasa shago ya kwaso ƙarafa,
ya yi wa gabanta ƙaho irin na bajimi,
ya ɗaure tagogi da raga,
ya ƙara tanki, ya ƙara fitilu huɗu a sama,
ya liƙa mata kwanon rufi har ta koma kunkuru.
Na ce, "Ka cika mata kaya, za ta sha mai."
Ya ce, "Kai zamaninka na Fijo ne."

Na ce, "To, duniya ta ƙare, ina za ka?"
Ya ce an ce can gabas akwai sauran mutane.
Wa ya faɗa? Bai sani ba.
Haka mu ma muka ji labarin Ikko.

Tsakiyar wata gona da ta ƙone allura ta kwanta.
Matattu suka yanyame kunkurun nasa.
Ban ce komai ba, na gyara hula kawai.
Kafin su cinye shi waya ta riga su,
ta yi ƙif.

Shiru. Sai kukan injin markaɗe daga gidan Barau.

Bayan rumbu akwai a-kori-kurata,
tun shekarar da ruwa ya ci gonakin fadama take tsaye.
Kabewa ta hau ta, kaza na ƙwai a kujerar direba,
tayoyin sun nutse, sun zama 'yan gari.
Kullum ta nan yake wucewa zuwa rijiya,
yau ya tsaya.

Ya ɗaga murfin inji, rina biyu suka fito,
ya ja baya, ya dawo.
"Tsoho, wanne ne lagireton?"

Na shiga ɗaki na zaro buhun da na rantse na bar shi,
na miƙa masa sifana mai lamba sha uku.
Noti ya ƙi. Ya danna, ya ƙi.
Ƙarfe ya zame, ya ɗauke masa fatar yatsa,
babban yatsan nan dai.
Ya sa a baki, ya kalle ni,
yana jiran in ce ya bari.

Na ce, "Kawo kananzir, mu jiƙa shi.
Wannan sai jibi."