Daren da Aka Ɗauke Wuta a Aboabo

A Aboabo, shagon Baba Gariba tela,
akwai talabijin mai ƙafa huɗu da ƙyauren katako.
Ran Alhamis bayan lisha yake buɗe ta,
mu zube tsakanin ƙyallaye, gwiwa na gugar gwiwa,
kowa da fesuwa biyu a jiƙe cikin tafin hannu.

Shirin matafiya uku ne, baƙi da fari,
jirginsu kamar kasko a kife,
yana ratsa zamani yadda allura ke ratsa shadda.
Yara dodanni suke so, masu idon kwan fitila,
da bindigar da ke tofin walƙiya.
Ni kuwa nakan ga zaren da aka rataye tauraron,
in ga takalmin mutum a ƙarƙashin dodon.

Nawa shi ne makon da jirgin ya yi baya.
Ba dodo, ba walƙiya,
sai mutane da ƙishirwarsu.
Mai jan dutse a Masar yana ɗaure yatsan da ya fashe.
Magatakarda yana fifita tawada
a ɗakin littattafan da gobara ke jira.
Bangon kwali ne, na sani, yana rawa in an jingina,
gemun sarkin ma ya ɓalle gefe guda,
amma tsoron da ke idon mai gadi
ba a ɗinka shi a shagon kowa.

Zuwera ce tafintarmu, ita ke aji shida.
Ta ce dokarsu ɗaya ce tak:
ka gani, ka ji, kada ka taɓa.
Baba Gariba ya tsai da keke, ya ce,
“Ashe su ma sun san alƙalami ya bushe.”

Kowane mako ina jira su sauka Salaga,
su iske kakana yana yayyafa wa goro ruwa,
jakunan ayari na hutawa a inuwa,
su ga kuma waɗanda aka ɗaure a gindin kuka,
waɗanda ba a faɗin sunansu a gidanmu.
Ba su taɓa zuwa ba.
Jirgin da ya san hanyar taurari
bai san hanyar Gwanja ba.
Na yi fushi. Alhamis ta zagayo, na koma.

Sai daren birnin da aka yi wa ƙawanya.
Wata mai tuya ta ba baƙin masaukinta,
ta raba musu gurasar ƙarshe gida huɗu.
Sun san da asuba ganuwa za ta faɗi.
Ƙaramar cikinsu ta buɗe baki za ta gaya mata,
ɗif, aka ɗauke wuta.

Muka zauna cikin duhu muna jin numfashin juna,
da kwaɗin kwata, da wata lori can wajen Asawasi.
Ba wanda ya tashi sai da sauro ya kore mu.

Shekara hamsin ke nan.
Jikana ya bincika min a waya,
ya ce an goge faifan tun tuni, an ɗora wani abu a kai.
Fuseni, da muke shan koko tare a bakin titi,
ya rantse wani ɗan Ankara ya gani, ta faɗa, matar ta tsira.
Zuwera, kafin ta rasu, ta ce ina, doka doka ce.
Kowa da ruwayarsa, ba mai takarda.

To, ai haka tarihi yake zuwa mana dama:
rabin labari, sauran a bakin tsofaffi.

Shagon yanzu na sayar da cajar waya ne.
In na wuce nakan rage tafiya.
Matar na nan tsaye da gurasa a hannu,
yarinyar ba ta rufe baki ba,
gari bai waye ba tukuna.