Alƙaliyar Ƙarfe Tara

Shekara talatin da ɗaya Neusa na shiga talabijin
ta ƙofar kicin.
Tire a hannu, farin ƙyalle a ƙugu,
"Ga kofi, ranki ya daɗe," sai ta juya.
Bana suka ɗinka mata baƙar rigar alƙalai,
suka miƙa mata guduma.

A shagon Valdir, can Madureira,
inda akwatin ke rataye bisa firji,
tara na bugawa aka rabu gida biyu.
Direban tasi ya ce siyasa ce tsagwaronta:
"Na dawo in huta, ba in sha wa'azi ba."
Ɗalibar da ke cin wake da shinkafa a tsaye
ta ajiye cokali.
"Da tana goge musu daɓe
ai ba ka ji wa'azin ba."
Valdir ya ƙara murya don ya tsira da kofunansa.

Masu sonta ma ba su bar wayarta ta huce ba.
Ranar karɓar kyauta ki ɗaga hannu,
ki kira sunayen yaran da aka harbe a kan tudu,
ke ce mu yanzu.
Mutum miliyan nawa riga ɗaya za ta ɗauka?

Kamfani ya manna fuskarta a jikin kowace bas ta Rio.
A hawa na shida kuwa, inda ake rubuta abin da za ta faɗa,
su goma sha biyu ne,
ba wanda ya taɓa shiga gidan wani ta baya.

Ni nake shafa mata hoda.
Jiya ta kama hannuna a gaban madubi:
"Lucimar, wurin da na yanke hukuncin nan,
muryata ta yi rawa?"
Wata uku ana cacar baki a kanta,
ba wanda ya ce ta iya ko ba ta iya ba.

Yau da safe ana ɗauka,
wata yarinya baƙa ta shigo ofishin alƙaliya da tire.
Neusa ta ɗago, ta daɗe tana dubanta.
"Yaya sunanki?"
Babu wannan a takarda.
Darakta ya ce a tsaya, a sake daga farko.
Yarinyar ta koma bayan ƙofa,
kofin na ƙara a kan tire.