Kofi na Shida

Da asuba saƙon ya shigo,
jiragen ruwa na kuka a tashar Valparaíso:
"Shida na biya. Biyar na gani."
Anselmo Quilodrán, daga Temuco,
ban san fuskarsa ba, sai fushinsa.

Na ce ƙarya ne.
Da hannuna na naɗe su cikin tsohuwar jarida,
kofunan mahaifiyata masu bakin zinariya.
Na tura masa hoton rasit:
ga nauyin kwali, sikelin gidan waya ba ya son kai.
Ya ce zai kai ƙara.
Na ce ga fili ga mai doki.

Kwana uku kuɗina na rataye,
tauraro ɗaya tak gaban sunana,
kamar tabo a goshi.

Sai ya sake rubutowa, a gajiye:
"To lemon tsamin fa, na mene ne?"

Lemo?

Na hau bene.
Baba na bakin taga yana kallon teku,
shi da ya manta sunana tun bara,
ya rungume kofin da hannu biyu,
ba ko shayi a ciki.
"Nata ne," ya ce. "Da shi take sha."

Na sauko a hankali.
Na mayar da kuɗin kofi ɗaya,
na faɗi gaskiya, ban rage komai ba.

Da yamma amsa ta zo:
"Bar masa. Lemon ma na matse a miya."
Tauraron dai bai ƙaru ba.
Ni ma ban roƙa ba.