Sawun Zabo

Ran da munka buɗe adakar Kaka Jabbi,
ƙarƙashin bargon soja da asu ya ci rabi,
sai ga ta, naɗe cikin tsumman rawani,
ƙaramar bindiga, baƙa wuluk,
da sanyi irin na gindin randa.

Tun muna tatata mun haddace labarinta:
dajin Bama, bakin wani rafi,
shi da hafsan Japan, ba na uku sai Allah.
Ɗaya ya dawo gida, ɗaya tururuwa ta gaje shi.
Nan Kaka kan tsaya ya kurɓi fura,
mu ko mu haɗiye miyau.

Cikin jakar goro na kai ta Maƙerar Assada,
gun Arzika, wanda ƙarfe ba ya yi wa ƙarya.
Ya ɗiga man gyaɗa, ya murza da toka,
ya fito bakin ƙofa inda ido ka gani.

"Dibi nan," ya ce, "kambin sarautar Ingila.
Ga lambobi shida, tsatsa ta lashe na ƙarshe.
Ga wanga ɗan zane mai yatsu uku,
awa sawun zabo bisa rairayin Rima.
Na san shi a ɗamarar soja, na san shi a akwatin harsashi.
Ba maƙerin Japan ya hura wa wagga wuta ba."

Na ce, ko ƙwace ta sunka yi, Kaka ya ƙwato?
Ya ce, "Ƙarfe na faɗin inda anka haife shi,
ba shi ƙidaya hannuwan da ya kwana."

Sai ya kwance ƙusar mariƙi,
katako ya rabu biyu awa ɓawon gujiya.
Ciki, da tsinin wuƙa, an karta ajami,
hannun Kaka ne, mai karkata kamar gero a iska:
"Amanar Kyaftin. In kai wa uwatai."

Ba sunan gari. Ba sunan uwar.
Arzika ya koma ga zugazugansa,
ya bar ni da ƙusa a tafin hannu.

Shekara hamsin tsoho na kashe mutum guda
kowane dare, a kan tabarma,
don kada mu tambaye shi wanda ya mutu a cinyarsa.

Wani dillali daga Ikko ya bugo sau uku.
Ko kambin ya fito sarai? Ko lambar ta cika?
Ya ce kuɗinta sa sayi bijimai biyu da amalanke.
Na ce masa lambar ƙarshe ta goge.
Abin da ke cikin mariƙi, bai tambaya ba.

Jiya yara sunka kewaye ni, a ba su labarin Bama.
Na kai su har bakin rafin.
Na tsaya, na ɗauki ludayi,
na daɗe ina dama furar da ta riga ta damu.