Hannun da Zai Riƙe Ido

Matakala goma sha bakwai ne tsakanina da injin,
gwiwar hagu ce ta ƙirga, ita kuwa ba ta ƙarya.
Yana can ƙasa, ɗakin da Rosaura ke tara gwangwanayen fenti,
yana tofa zaren roba, layi bisa layi,
kamar gizo-gizon da aka ɗauka aikin kwangila.

Daren Talata na bar shi yana gina murfin famfo.
Da asuba na sauka, na tarar da taliya,
curin farin zare ya cika faranti.
Awa tara na wuta, rabin naɗi na roba,
ba wanda ya gani, balle ya ce masa tsaya.

Maite, jikata, ta zo da kyamara
wadda ba ta fi ƙwayar zaitun biyu ba.
Ta ce, Kaka, ga ido.
Na ce, ido ba ya tsayuwa a iska, yarinya, sai da wuya.

Shekara talatin na yi ina walda a tashar jiragen Valparaíso,
ƙarfe ya san ni, na san shi.
Yau ga ni da tabarau biyu a hanci
ina jan layi a kwamfuta, ina faɗa da milimita.

Na farko ya fito da ramin noti matsattse,
gashin kai ɗaya ya hana shi shiga.
Na biyu na buga shi a tsaye,
ya karye a gaɓa kamar busasshen burodi.
Maite ta kwantar da zanen a gefensa, ba ta ce komai ba.
Wannan shirun ya fi dariya zafi.
Na uku na ɗaure shi a jikin injin,
hoton ya yi ta rawa har na ji jiri a kan gado.

Na huɗu muka kafa a bango.
Injin da kansa ya haifi hannun
da zai riƙe idon da zai sa masa ido,
bai yi gunaguni ba, ya fi ni hali.

Jiya da tsakar dare ƙasa ta ɗan girgiza, yadda ta saba,
kofuna suka gaisa a kabad, karnukan tudu suka amsa.
Na lalubo waya.
Bakin injin na tafiyarsa, layi bisa layi.

Sai dai na yi kuskuren kusurwa, digiri biyar ko shida.
A gefen hoton, can sama, akwai ƙusa,
a kan ƙusar akwai rigar aikin Rosaura,
da shuɗin fenti a aljihu, shekara huɗu ba a taɓa ta ba.

Maite ta ce gyaran minti goma ne, ta kawo sukundireba.
Na ce ta bari tukuna.