Ratar da Albino Ya Bari

A Ovar, bayan kasuwar kifi,
inda iskar teku ke cin ƙarfen ƙofa,
Graciete ta shigo da ƙunshi cikin rigar sanyi,
ta kwance shi bisa tebur kamar mai kwance jariri.

Tayil ne guda, fari da shuɗi.
Babu jirgi a kansa, babu masunci,
sai hannu ɗaya riƙe da igiya
da gefen wani gajimare.
Sauran hoton ya bi bango
ranar da katafila ta shiga gidan kakarta.

Kawu Albino bai yi jaje ba.
Ya ɗora sikwaya, ya ɗaga wa taga,
haske ya ratso ta tsakani.
"Zulmira, zo ki gani. Hannu ya murza shi, wuta ta gasa shi,
babu kusurwa biyu da suka yi kama.
Shi za ki auna, ki manta da takarda."

Ya sauko da katakon zaitun daga rufi,
wanda ya shekara bakwai yana shan iska.
Na kankare shi har jijiyarsa ta fito
tana murɗawa kamar hayaƙi.
Na tsaga shi huɗu,
na fafe kowanne ta baya da kurfi,
gurbin da tayil zai kwanta ciki,
zurfin kaurinsa da ɗan ƙari.

Sai kusurwa, inda kunya ke kama kafinta.
Rabi da rabi ake yanka ta a karkace,
zarto ya bi zanen fensir ta waje,
kada ya cinye layin.
Ta farko ta haɗu. Ta biyu ta haɗu.
Ta huɗu ta buɗe baki tana yi mini dariya.
Na aske ta da kaifi, siriri, siriri,
kamar mai yanka albasa don baƙo,
har ta yi shiru.

Na gwada tayil, ya shige cif.
Na ɗago kai ina jiran yabo.
Albino ya zaro tsabar kuɗi daga aljihu,
ya nemi inda za ta shiga a gefe, bai samu ba.
"Kin ɗaure shi," ya ce.
"Ice ko an sare shi bai daina numfashi ba.
Ruwan hunturu zai zo, ya kumbura,
yumɓu kuwa ba ya matsawa kowa.
Wanda ya tsira daga katafila
kada ya mutu a hannunki."

Na koma wa kurfi ina cizon leɓe.
Na ba shi rata, kaurin tsaba, ko ta ina.

Ƙusa ba ta taɓa aikin ba.
Gam muka shafa, muka zagaye da igiya,
muka murɗa ta da tsinke har ta yi ƙara.
Washegari ya tsaga kowace kusurwa,
ya cusa ɗan harshen baƙin katako,
ƙulli huɗu masu kama da ado.
A baya muka shimfiɗa ɓawo mai laushi,
irin wanda ake toshe kwalba da shi,
da 'yan sakatu masu juyawa,
don wata jika ta iya buɗewa wata rana.

Samfefa, sannan kakin zuma da tsumma.
Shagon ya ɗauki ƙamshi har titi.

Da Graciete ta dawo, ta ɗaga firam ɗin,
ta ji ɗan motsi a ciki, ƙwas.
"Bai zauna ba," ta ce.
"Ya zauna," in ji Albino,
yana karkaɗe dusar katako daga gira.

Ta rungume shi ta fita cikin yayyafi,
hannun nan shuɗi na ƙirjinta,
har yanzu bai saki igiyar ba.